Na Je Wankan Jego, Na Ɓuge da Jinyar Kare

Tun da na dawo daga Amurka ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Wasu sannu da zuwa ta kawo su, wasu tsaraba, amma yawanci abu ɗaya suke son ji, don maƙwabciyata Hajiya Laraba ta riga ta zaga unguwa da labarin wai na je wankan jego na ɓuge da jinyar kare. Ba ƙarya ta yi ba, gishiri dai ta ƙara, don har cewa ta yi na goya shi. Na maimaita labarin nan har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata.

Autata Hauwa ce ke aure a can, a wani gari da ake kira Greensboro, inda mijinta Nasiru yake koyarwa a jami'a. Cikin fari ne, da a gida take da ita za ta zo mini goyon ciki, tunda hakan bai yiwu ba sai ni na bi ta. Na tsufa ina koyar da 'yan firamare a Zariya, ina ganin ina jin Turanci daidai gwargwado. Wannan tafiya ce ta nuna mini iyakata.

Daga Zariya aka kai ni Kaduna na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, don 'ya'yana sun ce ba zan bi titi ba. Ina cikin jirgin ƙasan Nasiru ya bugo waya, ya ce Hauwa ta sauka lafiya, an samu mace, haihuwar ta riga lokacinta. Na yi hamdala, amma raina ya sosu. Duk wahalar neman biza da na sha don in kasance a kanta ne, ga shi ta haihu ina tsakanin Kaduna da Abuja da buhun kayan yaji a ƙafata.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa sai sanyi da kumburin ƙafa. Abincin da suka kawo na buɗe na rufe, burodin kawai na ci. Na yi sallolina a zaune, ban san ma ina gabas take ba. Muka sauka a wata ƙasar Turai muka canza jirgi, muka sake miƙawa, har na fara tunanin ko direban ya ɓata hanya ne.

Karen farko da na haɗu da shi a Amurka ma'aikacin gwamnati ne, har da rigarsa. Ina tsaye a inda ake ɗaukar kaya sai ga wata mata cikin kaki tana jan wani ɗan guntun kare mai kunnuwa fato-fato. Ya wuce kowa, ya zo ya zauna daram a gefen akwatina yana kallona. Na ja mayafina na ce masa "kur", matar ta ce in biyo ta. Aka zazzage kayana a kan tebur. Kilishin da na yo wa Nasiru guzuri, wanda na sa aka yi mini musamman, suka ɗauke shi duka suka jefa a kwandon shara ina kallo. Da wani jami'i ya ciro kanwa sai ya riƙa juya ta a hannu, ya kira ɗan'uwansa suka duba tare. Na ce musu ta kunu ce, ana dama wa mai jego. Ban sani ba ko sun fahimta. Abin da ya cece ni daddawa ce, yana buɗe ledarta ya mayar ya ƙulle, ya ce in kwashe kayana in tafi.

Da na sauka Greensboro, Nasiru ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a tsakiyar filin jirgi. Wani Bature ya tsaya yana taya shi duba ƙasa, ya ɗauka wani abu ya yar.

Gidansu ba a cikin gari yake ba, yana wani gefe da ake kira McLeansville. Gidaje jefi-jefi, ko'ina ciyawa an aske ta, ba katanga, ba zaure. Gidan ma na katako ne, in kika yi tari a ɗaki ana ji a kicin. Shiru kuwa har kunne ya riƙa yi miki ƙara. Ba mai talla, ba kiran salla sai na waya, kuma in kika ga mutum yana tafiya a ƙasa to motsa jiki yake yi. Ranar farko Nasiru ya ja mini kujera wai mu ci abinci a tebur ɗaya. Ni da surukina, muna kallon bakin juna? Na ce a kai mini nawa ɗaki. Kazarsu ƙatuwa kamar talotalo, amma in kina tauna ta kamar soso. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake zubar da abinci. Akwai wani inji a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a tura masa shinkafa da miya ya niƙe ya haɗiye. Na ce wa Hauwa muddin ina gidan nan kada in ƙara jin kukan injin nan.

Wankan jego kuwa sai dai a ce an yi. Ba tukunya, ba itace, ba ganyen darbejiya, kuma likita ta gargaɗi Hauwa kan ruwa mai zafi sosai. Muka daidaita a kan ruwan famfo da tawul. Na ce to ko ba komai ɗakin mai jego ya yi ƙamshi, na sa garwashi a kasko na zuba turaren wuta. Ban kai ga ajiye kaskon ba wani abu a rufin ɗaki ya fasa ƙara kamar za a tashi duniya, ashe na'urar gano hayaƙi ce. Jaririya ta tsandara kuka, ni kuma ina tsaye da kasko a hannu ban san inda zan nufa ba. Sai ga wata Baturiya ta faɗo gidan ba takalmi, riƙe da jar tukunyar kashe gobara. Haka na fara ganin Linda, maƙwabciyarsu.

Za ta girme ni kaɗan, siririya ce, gashinta fari fat an yanke shi gajere. Turancinta ta hanci yake fita, tana jan kowace kalma kamar ba ta son rabuwa da ita, nawa kuma ita ba ta kama shi. Sai da muka kwana biyu kunnuwanmu suka saba. Bayan ta fita Hauwa ta gaya mini cewa ranar da naƙuda ta taso mata Nasiru yana aji, wayarsa a kashe. Da rarrafe ta kai ƙofar Linda. Matar nan ta sa ta a mota ta kai ta asibiti, ta riƙe hannunta har ta haihu, ita ta fara ɗaukar jikata bayan ma'aikata. Inda ya kamata in tsaya, nan baiwar Allahn nan ta tsaya.

Ita kaɗai take zaune. Mijinta ya rasu, ɗansu ɗaya yana wata jiha mai nisa, sai waya. Abokin zamanta karen mijin ne, sunansa Tobi, wani ƙato ja kamar ɗan maraƙi. Tsakanin bayan gidanmu da nata shingen waya ne kawai, kullum da sassafe takan buɗe masa ƙofa ya fito. Na lura yana ɗingishi, ƙafarsa ta gaba ta dama ta kumbura, ba ya son taka ta.

To ga kare, ga ragowar abinci da na hana a ba inji. Kun san abin da kowace ’yar Hausa za ta yi. In na idar da lazimi gari ya yi haske, sai in tattara ƙanzo da ƙasusuwa in je nesa da shingen in wurga masa. Ban taɓa matsawa kusa ba, ni da kare sai daga nesa tun ina yarinya. Ban kuma gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba. Wa yake shela don ya ba kare ƙanzo? Cikin 'yan kwanaki ya gane ni, da ya ji motsin ƙofa sai ya ɗingiso ya tsaya a wuri ɗaya yana kaɗa jela.

Ranar suna aka yanka rago a wata gona a Pleasant Garden, don ba a yanka a gida. Hausawan garin suka cika gidan, har da na Nijar da na Gana. Na ji daɗin jin Hausa, ko da yake rabinta Turanci ne, 'ya'yansu kuwa in kika ce "ina wuni" sai su amsa miki da Turanci suna murmushi. Yarinya ta ci sunan Amina. Linda ta shigo da kek, ta ɗauki jaririya, amma idanunta jajur, ba ta daɗe ba ta fita.

Da baƙi suka watse na tambayi Hauwa ko mutuwa aka yi wa matar. Ta ce a'a, Tobi ne aka yi wa hoton ƙashi, aka gano cutar kansa ce, wato ciwon daji, ta kama ƙafar. Allah ya yafe mini, dariya ta fara kuɓuce mini. Kare da hoton ƙashi? Kare da ciwon daji? Hauwa ta ce likitan dabbobi ta yi wa Linda bayani cewa ciwon ba ya warkewa, kuma zafinsa ba kaɗan ba ne, in aka bar shi ƙashin zai iya karyewa da kansa. Zaɓi biyu ne: ko a yanke ƙafar gaba ɗaya, zafin ya tafi ya samu 'yan watanni cikin sauƙi, ko a yi masa allurar da zai yi barci ba zai tashi ba. Linda ta yi kwanaki ba ta runtsa ba kafin ta amince a yanke, an kuma sa mata rana. Da Hauwa ta faɗi abin da aikin zai ci na riƙe baki. Ba zan rubuta ba, za ku ce ƙarya nake. Na fara cewa a garinmu mutane nawa ne ke kwance ba su da na allura, sai ta katse ni.

"Umma, shi kaɗai gare ta fa. In ta yi magana a gidan nan, shi ne mai jin ta."

A raina dai ina ganin abin nasu ya yi yawa.

Ranar aikin na fito da sassafe kamar kullum, ya ɗingiso ya tsaya a wurinsa. Na dube shi na dubi ƙafar, sai tausayi ya kama ni. Na ce bawan Allah yau za ka sha wuya, bari ka tafi da ƙarfinka. Na koma kicin na ɗebo soyayyen naman suna, ba ƙashi ba, tsoka zalla, cike da kwano, na haɗa da sauran tuwo na wurga masa. Ya cinye tas yana lashe baki. Na koma ciki ina jin na yi aikin lada.

Ina dama wa Hauwa kunun kanwa ta leƙa taga ta ce ga Linda can tana shimfiɗa bargo a mota. Ta ce abin tausayi, tun jiya da daddare aka hana shi abinci, don in akwai abu a cikinsa aka yi masa allurar barcin tiyata zai iya amai ya shaƙe, ya mutu a kan tebur.

Muciya ta tsaya a hannuna. Na san ana hana mutum ci kafin tiyata, an yi wa marigayi maigidana. Amma wallahi ban taɓa kawowa a raina kare ma allurar barci za a yi masa ba. Ni a tunanina ɗaure shi za a yi kamar yadda ake wa sa a kara. Ba wanda ya gan ni, in na yi shiru ba mai sani har abada. Amma in ya mutu, ni na kashe wa matar da ta riƙe hannun 'yata abin da ya rage mata a duniya. Na ji ta tayar da mota. Ban san lokacin da na fita ba, ba mayafi, ɗankwali a karkace, ina ɗaga mata hannu.

Ta sauke gilashi. Duk Turancina ya gudu, da ƙyar na harhaɗa.

"Na ba shi abinci. Yanzu da safe. Nama, da yawa."

Ta dube ni kamar ba ta ji ba. Na maimaita, na ƙara da cewa kullum ina ba shi. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi fari. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ciro waya ta kira asibitin, suka ce ba za a yi yau ba, kuma likitar ba ta da sarari sai mako mai zuwa. Ta kashe motar, ta buɗe wa karen, suka shiga gida ta rufe ƙofa. Na tsaya a kan ciyawar mutane, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hauwa ta yi ta faɗa, irin faɗan da 'ya ba ta saba yi wa uwa ba, na kuma bar ta don ta fi ni gaskiya. Nasiru saboda kunyata iyakar abin da ya ce shi ne a ƙasar nan ko alewa ba a ba ɗan wani sai an tambaya, balle karensa. Washegari ya tsallaka ya ba da haƙuri, ya dawo jikinsa a sanyaye. Linda ta ce masa ta fasa aikin. Ta tattara duk ƙarfin zuciyarta ne don wannan rana ɗaya, ba ta da wani. Tana ganin abin da ya faru alama ce, za ta kira likita ta zo gida a yi masa allurar ƙarshe.

Abinci ya ƙi shiga bakina. Na tsere wa kashe shi a kan tebur, ga shi zan kashe shi ta wata hanya. Hauwa tana cikin arba'in, ba ta fita. Nasiru namiji ne, ya yi iyakar tasa. A wurinmu in maƙwabci yana da majinyaci ba a aika saƙo, zuwa ake yi. Na yi farfesun kaza da masa, na zuba a kwanon sha, na yafa mayafina mai kyau. Hauwa ta ce a nan sai an buga waya kafin a je gidan mutum. Na ce dubiya ba ta neman izini.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shiga ɗakin da kare yake kwance ba. Ga shi a tsakiyar falo a kan katifarsa, yana ganina ya buga jela a ƙasa. Na ɗosana a bakin kujera na tattare zanena. Na ce mata sannu, ya mai jiki. Na ce abincin nan nata ne, ba nasa ba. Ta yi wata 'yar dariya, daga nan sai kuka. Na bar ta ta yi mai isarta, don mu ma haka muke yi.

Da ta natsu ta gaya mini cewa kansa ce ta kashe mijinta. An yi masa aiki, aka sake, aka kuma sake, kowane karo ita ke roƙonsa ya daure, don ba ta shirya rabuwa da shi ba. Daga ƙarshe ya tafi a wahale. Yanzu tana tsoron abin da take shirin yi wa Tobi ke nan, ta yanke masa ƙafa don son ranta. Ta ce yaya zai ji in ya farka ya ga ba ƙafarsa?

Sai na tuna karen Malam Tanko maharbi, a ƙauyen kakannina wajen Giwa. Tarko ya cinye masa ƙafar gaba, ba likita ba allura, Malam Tanko ya ɗaure wurin da tsumma. Na gaya mata da idona na ga karen nan yana korar zomo da ƙafa uku, mu yara muna binsa ba ma kamo shi. Na ce ban taɓa ganin ya zauna yana kallon inda ƙafar take ba, mu mutane mu ne masu wannan. Na ce ban san ciwon Tobi ba, likita ta fi ni sani, ita kuma ta fi kowa sanin karenta.

"Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba," na ce mata. "Amma kada kwanon namana ya yanke miki shawara. Ranar nan kin riga kin shiga mota. In kika sake shiga, ina ciki. A garinmu mutum ba ya zuwa asibiti shi kaɗai."

Ta buɗe kwanon ta ci masa ɗaya, ta sha romon, yaji ya sa ta tari. Kwana biyu bayan nan ta aiko wa Hauwa saƙo a waya, wai a gaya wa Hajiya, wato ni, ta shirya ranar Talata, kuma kada ta ba kowa komai.

Na shirya irin shirin jinya na gida: filas ɗin shayi, kwanon abinci, darduma, buta, har da bargo, don na ɗauka a ƙasa zan kwana a gefen gadon majinyaci. Linda ta ga kayan ta tambaya ko tafiya zan yi. Na zauna a gaba, Tobi yana baya, numfashinsa yana dukan ƙeyata, ina ta salati a zuci har muka isa.

Asibitin nan, jama'a. Ƙasa tana sheƙi, ba wari, ba layi, ba mai yi wa kowa tsawa. Ga mai kyanwa a kwando, ga wani ƙaton mutum mai gemu rungume da zomo yana lallashinsa. Na tuna inda maigidana ya kwanta, da yadda muke sayo safar hannu da kanmu. Har yau ban gama sanin ko haushi na ji ko sha'awa ba. Likitar yarinya ce sa'ar Hauwa, ta durƙusa ta gaisa da karen kafin ta gaishe mu. Ta tambaya ko ya ci wani abu, Linda ta juyo ta dube ni, na ɗaga hannuwana biyu.

Da aka ja shi ciki suka ce mu koma gida za su kira. Linda ta kai bakin mota ta kasa buɗewa. Na ce ba inda za mu. Na shimfiɗa bargon a kan ciyawa a ƙarƙashin wata bishiya, na zuba mata shayi, muka zauna kamar masu jinya a harabar asibitin gida. Masu wucewa suna kallonmu, ban kula su ba. Azahar ta yi na yi alwala da butata na yi salla, ita kuma ta riƙe mini jaka. Ta ba ni labarin yadda mijinta ya tsinto Tobi yana ɗan kwikwiyo, ni kuma na ba ta na maigidana. Wajen la'asar wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, sai ta kama hannuna ta matse har zobena ya shige mini nama. An gama, yana numfashi.

Da muka shiga na tambayi likitar ina ƙafar, don a wurinmu abin da aka yanke daga jiki binne shi ake yi. Ta ce za a aika wani yanki a auna, sauran a ƙone. Na ce to, na gaji da mamaki.

Ranar da aka sallamo shi ita ce mai wuya. An aske rabin jikinsa, ga ɗinki baƙi dogo a inda kafaɗa take, an sa masa wata roba a wuya kamar mazurari don kada ya lashi ciwon. Linda tana ganinsa ta juya baya ta dafa bango. Shi kuwa jela yake kaɗawa. A gida akwai matakala uku daga ƙofar baya zuwa ciyawa, kuma an ce a riƙa tallafa masa ta ƙarƙashin ciki in zai sauka. Kare kamar maraƙi, mace ɗaya ba za ta iya ba. Nasiru yana wurin aiki. Tawul ɗin Linda ya yi gajere, sai na tsallaka na ɗauko tsohon zanena na atamfa, muka zura ta ƙarƙashinsa, ta kama gefe na kama gefe. Nan ne Hajiya Laraba ta samo zancen goyo. Jikinsa ya gogi ƙafata, na ji ɗuminsa, na runtse ido na yi ta maza. Da na koma gida na yi wanka na canza kaya. Nasiru ya ce ai malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba. Na ce na ji, amma a bar ni da sabuluna.

Haka muka yi ta yi safe da yamma. Ina gama gasa wa Hauwa jiki in tsallaka wurin ɗaya majinyacin. Ba a rufa mako biyu ba, wata safiya na buɗe ƙofar baya sai na gan shi tsaye shi kaɗai a bakin shinge, a daidai wurin nan nasa, a kan ƙafa uku. Ya yi tsalle-tsallensa ya zo da kansa. Na buɗe masa tafukan hannuna ya ga ba komai. Linda tana tsaye a ƙofarta tana dariya tana share hawaye. Da yamma ta kawo mini wata leda ta biskit ɗin karnuka, ta ce guda biyu kullum, kada in ƙara.

Hauwa ta yi arba'in, na ƙara 'yan makonni, na haɗa kayana. Linda ce ta kai ni filin jirgi tare da Hauwa da Nasiru. Ta dawo mini da zanen a wanke a goge, na ce ta riƙe, wataƙila a sake bukata. Ta ba ni hoto a cikin firam: ni da ita riƙe da zane, Tobi a tsakiya. Yana ƙasan akwatina, ban rataye ba, ban kuma iya yarwa ba.

Makon jiya Hauwa ta bugo waya. Ta ce Tobi ya yi watanni yana guje-gujensa, har yana korar kurege, amma yanzu ya fara tari, an duba an ga ciwon ya kai huhu, kamar yadda likita ta faɗa tun farko. An sake ciro zanen. Ta ce Linda ba ta yi nadama ba, ta dai ce a roƙi Hajiya, in ta shimfiɗa dardumar nan tata, ta sa su a ciki.

Ban tambayi malam ko ana yi wa kare addu'a ba, kada a yi mini dariya a Islamiyya. Linda nake yi wa, Allah ya ba ta juriya, ya sa ranar da abin zai zo akwai wani a kusa da ita. Amma in na ɗaga hannu sunansa yakan shigo, kuma ba na mayar da shi.